Magungunan farfaɗiya da illolinsu: tambayoyin da 'yan'uwa ke kawo mini a Agege

Shekara da shekaru ke nan ina tsaye bayan kanta a wani shagon magani a nan Agege. Da yake ni kaɗai ne Bahaushe a cikin ma'aikatan, duk ɗan Arewan da ya fito daga asibiti da takarda a hannu, bai gama fahimtar Turancin likita ba, wurina yake ƙarewa: masu gadi, 'yan dakon Mile 12, mahautan Oko-Oba, matan da aure ya kawo Ikko. Ba maganin da ake yi mini raɗa a kansa kamar na farfaɗiya. Mutum zai tsaya gefe yana jujjuya sabulu da man shafawa har sai layi ya watse, sannan ya matso ya rage murya. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, kusan yadda ake yi mini su. Amsoshin ba za su tsaya maka a matsayin likita ba, amma za ka san abin da za ka gaya masa, da abin da ba ya jiran ranar da aka rubuta maka a kati.

Malam, wai magungunan nan duk illarsu iri ɗaya ce?

A'a, kowanne da halinsa. Mafi tsufa a cikin waɗanda muke sayarwa shi ne fenobabiton, wanda aka fara ba masu farfaɗiya tun 1912, kuma har gobe shi ne mafi araha. Sai fenitoyin da ya shigo a 1938, wasu sun fi saninsa da Epanutin. Akwai kabamazafin, wato Tegretol, da balfurowet, wato Epilim. Na baya-bayan nan su ne Lamictal da Topamax da Keppra. Magani ɗaya kan zo da sunayen kamfanoni daban-daban, don haka in ba ka ga sunan naka a nan ba, tambayi mai ba ka maganin ko ɗan gidan su wane ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har 70 cikin 100 za su iya zama ba ta tashi idan aka gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Na sa wannan a gaba ne saboda na ga waɗanda aka karanta wa doguwar takardar nan ta cikin kwali, suka tsorata suka watsar da maganin.

Tun da na fara sha nake fama da barci da jiri, ni kuwa gadi nake yi. In rage da kaina?

Kada ka rage da kanka. Barci, kasala, jiri, gani biyu-biyu da tangaɗi su ne ƙorafin da na fi ji, kuma fenobabiton da Tegretol ne kan gaba wajen jawo su. Yawanci a makonnin farko suke tsananta, daga baya jiki ya saba su lafa. Shi ya sa likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa a hankali. Idan makonni sun wuce abin bai lafa ba, ko ya taso bayan an ƙara maka, mai yiwuwa maganin ya yi wa jininka yawa. Fenitoyin ya fi kowa wannan hali: ƙari ɗan kaɗan sai ka ga mutum yana tafiya kamar ya sha wani abu, harshe ya yi nauyi, ƙwayar ido tana rawa.

Akwai wani dattijo mai gadin gida a Ikeja da ba na mantawa. Sau biyu maigidansa yana kama shi yana gyangyaɗi a kan benci, ya ce na uku sallama ce. Sai Baba ya koma gutsura ƙwayar da haƙori, rabi yau rabi gobe, ragowar a ƙulle cikin ledar goro a aljihun gaba. Ba a yi wata ba ciwon ya kayar da shi a bakin get, ya fasa goshi. Da na tambaye shi ko likita ya san aikin dare yake yi, sai ya ce, "Ɗana, ai bai tambaye ni ba." Da ya koma ya faɗa, lokacin shan maganin kawai aka gyara masa don ya dace da barcinsa na rana. Duk da haka na ce masa ya roƙi a mayar da shi gadin rana, domin rashin barci shi kansa yana tayar da farfaɗiya.

Mai acaɓa, direban tirela a Apapa, mai hawa gini, mai tsayawa kan wutar tsire ko kaskon mai: muddin ciwon bai kwanta ba, ko maganin yana sa ku jiri, ku dakata har likita ya ba ku dama. Na san maganar abinci ce, ba da wasa nake faɗa ba.

Ƙuraje sun feso mini bayan na fara sabon magani. Ko zafin Legas ne?

Wataƙila zafi ne, amma ba kai za ka yanke wannan hukunci ba. Tegretol, Lamictal, fenitoyin da fenobabiton duk suna iya fito da ƙuraje, galibi a cikin wata biyun farko. Yawancinsu ba su da haɗari. Amma a jikin wasu 'yan kaɗan abin kan rikiɗe ya zama ciwon da likitoci ke kira Stevens-Johnson, inda fata ke saɓulewa kamar ƙunar tafasasshen ruwa, baki da ido da al'aura su yi gyambo. Yana makantarwa, yana kuma kisa. Farkonsa kamar mura yake: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, jan ido, sannan ƙuraje. Da yake fatarmu baƙa ce, jan ba ya fitowa sosai, don haka a duba leɓe da cikin baki da ido.

An taɓa kawo mini wani yaro da aka yi kwana huɗu ana shafa masa farin ruwan magani a wani kemis, wai ƙyanda ce. Leɓensa ya tsattsage, ko kunu ba ya iya haɗiya. Da na tambayi mahaifiyarsa ko akwai maganin da ya fara kwanan nan, sai ta kwance bakin zani ta fito da falan ɗin Tegretol. Daga nan asibiti muka tura su kai tsaye. Ya rayu, amma ya daɗe a kwance.

In ka ga ƙuraje, musamman tare da zazzaɓi ko ciwon baki, ɗauki kwalin maganin ka tafi asibiti a ranar, kafin lokacin shan ƙwaya ta gaba ya yi. Asibitin gwamnati mafi kusa da kai ya isa. Manyan kuma akwai LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba. Mai shan Lamictal kuma, idan ya yi kamar kwana biyar bai sha ba, kada ya koma kan yawan da ya saba. Sai an sake farawa daga ƙasa, musamman in yana haɗawa da Epilim.

Ban da ƙuraje, me kuma ba ya jira?

Shawara, wato ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu, tare da amai da mutuwar jiki: hanta ke nan, kuma Epilim ne aka fi tsoro a nan, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara uku a watanni shida na farkon shan sa. Matsanancin ciwon ciki da amai ga mai shan Epilim shi ma na gaggawa ne. Haka zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ke ta dawowa, ko haɓo da zubar jinin dasashi ba dalili, domin wasu magungunan kan rage ƙwayoyin jini. Tegretol kan rage gishirin jini, sai tsoho ya fara rikicewa da ciwon kai, a ce tsufa ne. Mai shan Topamax da ido ya kama shi da ciwo kwatsam, gani ya dushe, kada ya kwana a gida.

Dasashin ɗana ya kumbura har yana rufe haƙora. Sammu ne?

Fenitoyin ne. Sanannen halinsa ne, kamar yadda yake fito da gashi a fuskar mata da ƙurajen fuska. Goge baki da buroshi safe da dare da ganin likitan haƙori suna rage shi sosai. Idan ya yi yawa, a nemi likita ya canza magani.

Tun da yarinyar nan ta fara magani halinta ya canza. Ko ciwon ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa?

Sau da yawa maganin ne. Abin mamaki, fenobabiton da ke sa babba barci, yaro ƙiriniya yake sa shi: ba ya zama wuri ɗaya, ga kuka, ga rashin riƙe karatu. Keppra kuma, duk da sauƙinsa ta wasu fuskoki, yana sa wasu saurin fushi da baƙin rai, babba da yaro. Topamax kan sa mutum ya riƙa laluben kalmar da ya sani. Hajiya, kafin a kai ga bulala a gida ko a Islamiyya, a tuna yaushe halin ya fara, a gaya wa malaminta, a gaya wa likita.

Ga manya akwai abin da ba ma son furtawa. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa magungunan farfaɗiya kan ɗan ƙara haɗarin tunanin kashe kai. Ba kasafai ba ne, amma wanda ya daina magana da mutane, yana cewa ya gaji da duniya, a raka shi wurin likita. Ba raunin imani ba ne.

Malam, aurena ya kusa kuma Epilim nake sha. Gaskiya ne yana illata jariri?

Gaskiya ne, ƙanwata, kuma gara ki ji yanzu. A cikin jarirai 100 da iyayensu mata ba sa shan komai, biyu zuwa uku kan zo da wata nakasa. Ga matan da suka sha Epilim da ciki, adadin ya kai kusan 10 cikin 100: ƙashin baya da bai haɗe ba, tsagewar leɓe ko ganda, matsalar zuciya. Bayan wannan, 30 zuwa 40 cikin 100 na yaran kan samu jinkirin magana ko tafiya, ko wahalar karatu. Saboda haka ne tun 2018 Ingila ta hana ba macen da ke iya ɗaukar ciki wannan magani sai da tsari na musamman na hana ɗaukar cikin. Fenobabiton, fenitoyin, Tegretol da Topamax su ma suna da nasu haɗarin, amma bai kai na Epilim ba. Lamictal da Keppra ne aka fi samun natsuwa da su.

Abin yi shi ne ki ga likita tun kafin biki, ba bayan an ga ɓatan wata ba. Canza magani yana ɗaukar watanni, domin ana janye wancan a hankali ana shigo da wannan. Za a kuma ba ki folik asid, galibi miligiram 5 kullum, ki fara tun kafin ciki ya shiga, saboda ƙashin bayan jariri a watan farko yake haɗuwa, lokacin da mace ba ta ma san tana da juna biyu ba.

Idan kuwa cikin ya riga ya shiga, kada ki daina sha da kanki ko na kwana ɗaya. Faɗuwa da jijjiga mai tsanani na iya halaka uwa da ɗa. Ki je asibiti a cikin kwanakin nan, ki fara awo da wuri. Mafi yawan mata masu farfaɗiya lafiyayyun 'ya'ya suke haifa.

Inda muke cutar kanmu shi ne ɓoyo. Na san gidajen da ake cewa yarinya ta ajiye maganin kafin a kai ta, kada ango ko danginsa su gani. Sai ciwon ya tashi a ɗakin miji a satin farko, ga hidimar biki, ga rashin barci, ba wanda ya san abin yi. A ganina, miji ɗaya da ya sani kuma yake tuna mata lokacin magani ya fi dangi goma da ke rufa asiri.

Ina shan ƙwayar tazarar haihuwa amma ciki ya shiga. Ya aka yi?

Tegretol, fenitoyin da fenobabiton suna sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, ciki har da ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa mata a damtse. Allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsala. Lamictal kuma akasin haka ne: ƙwayar tazarar ce ke rage masa ƙarfi, ciwon ya samu ƙofa. Ni kaina na taɓa ba wata baiwar Allah ƙwayar tazara da ɗaya daga cikin magunguna ukun nan masu rage mata ƙarfi wata da watanni, ɗaya ita ke saya, ɗaya mijinta, ban haɗa lissafin ba sai da ta zo da ciki. Tun daga ranar nake tambaya, ko da za a ji kunya.

Zan iya shayarwa?

Yawanci e, kuma ana ƙarfafa hakan. Ki dai lura: in jaririn yana barci fiye da kima ko ba ya kama nono da ƙarfi, musamman in fenobabiton kike sha, ki kai shi a duba. Ki riƙa shayarwa a zaune a ƙasa kan tabarma, kada kuma ki yi masa wanka ke kaɗai a ɗaki.

Zazzaɓin cizon sauro ya kama ni. Zan iya shan kowane magani?

A Legas ba mai tsira daga wannan tambaya. Tegretol da fenitoyin suna rage ƙarfin maganin zazzaɓin nan Coartem da 'yan'uwansa, har kamfanin da ke yin sa ya hana haɗa su. Kada ka saya a kan tire a bakin titi. A yi gwaji, ka gaya wa likita abin da kake sha ya zaɓa maka. Zazzaɓin kansa yana tayar da farfaɗiya, don haka kada a yi jinkiri.

Tiramol haramun ne gare ka, ko da ciwon baya ya ishe ka bayan dako. Yana kayar da ma wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Eritiromaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana tara Tegretol a jini har mutum ya fara tangaɗi. Maganin tarin fuka yana rage ƙarfin wasu magungunan farfaɗiya, su kuma suna rage ƙarfin wasu magungunan cutar ƙanjamau. Duk asibitin da ka shiga, ko cire haƙori ne, fara da nuna kwalin maganinka.

Azumi fa?

Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. Azumi a Legas kusan awa goma sha uku ne. Wanda ciwonsa ya daɗe a kwance, kuma sau ɗaya ko sau biyu yake sha a rana, likita na iya mayar masa da shi lokacin sahur da buɗa-baki. Mai sha sau uku, ko wanda ciwon ya tashi kwanan nan, ko aka canza masa magani, shi ne abin ji. Ka je wurin likita tun a Sha'aban, ka kuma tambayi malami da bayanin likitan a hannunka. Abin da ake mantawa shi ne barci: tashin sahur, tahajjud, sannan sammakon shiga motar kasuwa. Mai shan Topamax kuma ƙishirwa na ƙara masa haɗarin tsakuwar ƙoda.

Zan iya haɗawa da rubutu da ruƙiyya?

Addu'a da tofi da ruƙiyya ba sa faɗa da ƙwaya. Abin da nake tsoro shi ne jiƙo da saiwa da agbo, wato jiƙon Yarbawa da ake tallarsa a kwalabe, wanda ba ka san abin da ke ciki ba, ga hanta ta riga tana aiki da maganin asibiti. Duk kuma wanda ya ce sai ka ajiye na asibiti kafin nasa ya ci, ka riƙe kuɗinka.

Na yi shekara ban faɗi ba, kuma maganin ya yi tsada. In daina?

Rashin faɗuwar nan aikin maganin ne. A duk abin da na gani a bayan kantar nan, yanke magani rana ɗaya ya fi kowace illa kai mutanenmu gadon asibiti. Yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, ko ta riƙa maimaituwa mutum bai farfaɗo ba. Fenobabiton ya fi muni a nan domin jiki yana sabawa da shi. Duk jijjigar da ta wuce minti biyar, a kira 112 ko 767, ko a nufi asibiti. A kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Likita kan fara duba yiwuwar janye magani ne bayan aƙalla shekara biyu ba a faɗi ba, kuma a hankali cikin watanni. Wasu za su iya rabuwa da shi, wasu har iya rayuwa.

Maganar kuɗi kuwa, ka faɗa wa likita ƙarfin aljihunka tun farko, ba abin kunya ba ne. Mai araha da za ka sha kullum ya fi mai tsada da za ka sha sati biyu ka huta sati biyu. 'Yan ci-rani masu komawa gida noma da damina ko hutun Sallah, ku tafi da wanda zai ishe ku har ku dawo, kuma a aljihu, ba a cikin buhun da aka ɗaure a saman mota ba. In ka manta sha, sha da zarar ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya matso. Kada ka ninka.

Shekara da shekaru ina sha, ba zai cinye mini jiki ba?

Fenobabiton, fenitoyin, Tegretol da Epilim suna iya rage ƙarfin ƙashi idan an daɗe, shi ya sa likita kan ƙara wa wasu bitamin D, musamman matan da ba sa fita rana. Epilim yana sa ƙiba, rawar hannu da zubewar gashi, yana kuma rikita wa wasu mata al'ada. Topamax ramewa yake sawa, da jin tsikari a yatsu. Wasu mazan kan ga rauni wajen iyali. A faɗa wa likita, kada a nufi masu tallar maganin maza. Gwajin jini lokaci-lokaci shi ke kama matsalar hanta ko ta jini tun ba ta yi nisa ba.

Ban samu irin wanda na saba sha ba, an ba ni na wani kamfani. Da matsala?

Ga Tegretol, fenitoyin da fenobabiton an fi so ka tsaya kan kamfani ɗaya, domin ɗan bambancin yadda jiki ke tsotsar su na iya taɓa ka. In dole ta sa, ka karɓa, ya fi zama ba magani, amma ka lura da jikinka. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka saya a shagon da ke da rajista.

Ga wani abu da ya shafi Legas musamman: laima. Ƙwayar kabamazafin da aka ajiye a wuri mai danshi tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, ita ma ta Epilim tana jan ruwa. Kada ka ɓalle su daga falan ka zuba a takarda ko leda, kada ka ajiye a banɗaki ko jikin bangon da ke jiƙa da damina. Waɗanda aka yi su don su narke a hankali kuma ba a tauna su, ba a daka su a zuba a koko.

Ba na jin Turanci, ba na jin Yarbanci. Yaya zan yi wa likita bayani?

Tafi da wanda zai yi maka tafinta, wanda ba ka jin nauyin faɗin komai a gabansa. Mace ta tafi da mace in hakan ya fi mata. Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, kana rubuta ranar da ciwon ya tashi, da ranar da ka tsallake magani, da abin da ka ji a jikinka, ko da ajami ne, kai za ka karanta masa. In ciwon ya tashi kuma akwai mai kula da kai, wani ya ɗauki bidiyo da waya, domin likita ba ya ganin faɗuwar da idonsa. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya ka tafi da shi, har da kwalbar jiƙon da aka aiko maka daga gida.